Littafin Da Ake Koma Wa: Sha'awar Karatun Labarai A Lajawa Jiya Da Yau

Idan aka tara masu karatu goma aka tambaye su irin labarin da ya fi burge su, da wuya a sami biyu da bakinsu zai zo ɗaya. Wani zai ce shi ba shi da kamar labarin yaƙi, inda ake sara da suka. Wata ta ce in dai ba labarin zaman gida da kishi ba ne, to barci yake sa ta. Wani kuwa ya ce a bar shi da labarin ɓarawo da ɗan sanda. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin masu iya magana sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Amma fa akwai wata tambayar da ta fi wannan tona cikin mai karatu, watau wane littafi ne ya karanta ya sauke, sa'an nan bayan shekara ɗaya ko goma ya sake ɗaukarsa ya faro daga bangon farko? A nan ne amsa kan yi wuya. Sai ka ga mutum ya yi shiru yana lalube, daga bisani ya ambaci biyu ko uku, in ya yi ƙoƙari.

Wannan tambaya ta biyu ita za mu bi diddiginta a yau, kuma za mu tsaya ne a Lajawa, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Wudil a Jihar Kano. Dalilin zaɓenta shi ne matsayinta ya yi daidai da na akasarin garuruwan da masu karatun Hausa suke zaune. Hedkwatarta Wudil tana da nisan kimanin kilomita 40 daga birnin Kano a kan hanyar Maiduguri, ga babbar kasuwar da ke ci ran Juma'a, ga Kwalejin Horar da Jami'an 'Yan Sanda, ga kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha wadda ta fara aiki a 2001, aka sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022. Ke nan Lajawa ba ta yi nisa da birni har littafi ya kasa isa gare ta ba, ba ta kuma yi kusa har ya zama abin tsinta a bakin titi ba. A irin wannan gari littafi baƙo ne mai daraja, kuma yadda aka riƙe baƙo ya isa a gane halin masu gida.

HANYOYIN DA LITTAFI YA BIYO

Kafin wayar hannu ta shigo, littafin hira yakan iso gari irin Lajawa ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce makaranta, inda malamin Hausa kan karanta wa yara wani yanki a aji, sauran kuma su yi ta ƙishirwar jin ƙarshensa har sai sun samo aro. Wannan hanya ta faɗaɗa ƙwarai bayan da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, ta kuma daɗa faɗi a 1980 lokacin da gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano, wadda ta koya wa magidanta da matan aure karatun boko.

Hanya ta biyu ita ce kasuwa. Mai tallan littattafai yakan saro kayansa a Kano, a Kurmi ko a Sabon Gari, ya bi kasuwannin ƙauye rana-rana, ya shimfiɗa tabarma ya jera Ƙawa'idi da Ishiriniya a gefe guda, littattafan hira a ɗaya gefen. Ta uku kuwa ita ce akwatin ɗan makarantar kwana da jakar ma'aikacin da ya zo ganin gida, waɗanda kan bar littafi a baya, ko da gangan ko bisa mantuwa.

Duk hanyar da ya biyo, makomarsa ɗaya ce. Yakan yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, bango ya yage a liƙe, ya sake yagewa a ɗinke da zare a rufe da takardar siminti. Sau da yawa wanda ya zo daga baya yakan tarar shafin ƙarshe ya ɓace, sai ya nemi wanda ya riga shi karantawa ya ƙarasa masa da baki. Da dare kuma a zaure ko a tsakar gida, mai karatu ɗaya ya karanta a gaban fitilar ƙwai, waɗanda ba su yi boko ba su kewaye shi suna sauraro. Tun da yake littattafan kaɗan ne, wanda ya ƙare zagaye dole ya sake wani. Ashe ke nan rashi ne ya fara koya wa mutanen karkara maimaita littafi, kafin su gane daɗin da ke cikin maimaicin.

MASU SON YAWON DUNIYA DA ABIN AL'AJABI

In ka tambayi dattijon da ya yi elementare ko firamare kafin yaƙin basasa, kusan ka san amsarsa tun bai buɗe baki ba. Sha'awarsa ta ginu ne a kan littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Dokta Rupert East. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Bayansu Abubakar Imam ya kawo Magana Jari Ce, littafi uku, tsakanin 1937 da 1939.

Abin da akasarin waɗannan littattafai suka koya wa mai karatu ya so shi ne tafiya. Tauraron labari yakan bar gida ya shiga uwa duniya, ya gamu da sarakuna da ɓarayi da aljanu, ya tsira da wayo ko da ƙarfin damtse, sa'an nan ya komo gida da abin faɗi. Ga mutumin da iyakacin tafiyarsa cin rani ne, ko rakiyar shanu zuwa kasuwar Wudil, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma kunnen Bahaushe ya riga ya saba da irinsa a tatsuniya da ƙissoshi da hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya. Shi kansa Imam bai ɓoye cewa ya ɗebo daga rijiyoyin Larabawa da Indiyawa da Turawa ba, sai dai ya sa wa labaran rigar Hausa har ba a gane baƙuncinsu.

Wannan sha'awa ba ta mutu ba, kama kawai take sauyawa. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a 1951, tushensa labarin wani jarumin ƙasar Rasha ne. A 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya a cikin Tauraruwa Mai Wutsiya, a daidai shekarar da mutanen Amurka suka sauka a kan wata. Samarin da suka taso daga baya suna rububin littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, masu cike da sadaukai da matsafa da takubban sihiri, jikokin masu son Ganɗoki ne, ko sun sani ko ba su sani ba.

'YAN MAKARANTAR KWANA

Waɗanda suka shiga sakandare da kwalejojin horon malamai a shekarun 1970 da 1980, watau manyan ma'aikatan yau da waɗanda suka yi ritaya, sun taso da ɗanɗano iri biyu. A aji ana karanta musu Chinua Achebe da Cyprian Ekwensi don jarrabawa. A ɗakin kwana kuwa, bayan an kashe fitila, samari na fama da James Hadley Chase, 'yan mata na fama da Mills and Boon. Da kamfanin Macmillan ya fara fitar da jerin Pacesetters a 1977, sai aka sami abin da ya haɗa kowa, domin labaran na biranen Afirka ne, Turancinsu kuma mai sauƙi. Ɗaya daga cikin na farko-farko, The Undesirable Element, Mohammed Sule ne ya rubuta shi tun yana ɗalibin sakandare a Kano, abin da ya nuna wa tsararrakinsa cewa marubuci ba lalle ne ya zama tsoho mai furfura ba.

Wannan rukuni na masu karatu sun fi son labarin zamani, mai mota da bindiga da ofis da cin hanci, kuma ba a daɗe ba aka fara ba su irinsa da Hausa. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970, labarin saurayi ne da ya bar ƙauye ya tafi birni neman arziki ya faɗa cikin miyagu, kuma duk ɗan karkarar da ya taɓa tsayawa a bakin hanya yana kallon motocin Kano ya san da shi ake. Gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya ta haifar da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a 1982, waɗanda suka shigo da fasa-ƙwauri da ta'addanci da ɓarnar bayan yaƙi cikin zuben Hausa.

ZAMANIN SOYAYYA DA ZAMAN GIDA

Babban juyi ya zo ne daga wajen mata. A 1980 Kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa. Da tattalin arzikin ƙasa ya taɓarɓare a tsakiyar shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai marubuta suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a ƙananan maɗaba'o'in Kano. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da ɗaruruwan wasu suka rufa baya.

Waɗannan littattafai sun isa lungunan da na baya ba su taɓa shiga ba, watau ɗakunan matan aure. An yi su ƙanana, da takarda mai araha, an kuma raba kowane labari kashi biyu ko uku ko fiye, ana yanke shi a daidai inda ran mai karatu ya fi tashi. Wadda ba ta da kuɗin saye sai ta aiki yaro wajen mai haya, ya karɓo na ɗaya yau, gobe ya mayar ya karɓo na biyu. Kada mai karatu ya zaci wannan dabara a Kano aka fara ta. A Ingila ma Charles Dickens kashi-kashi ya riƙa sayar da labarinsa duk wata tun 1836, jama'a kuma suna hayar littattafai a shaguna.

Ko da yake sunan soyayya ne ya bi su, wanda ya karanta su da idon basira ya san abin da ke ciki ya wuce zancen saurayi da budurwa. Akwai auren dole, da kishi, da saki, da rabon gado, da wahalar 'ya'yan da aka kori uwarsu, da kuma gardamar ko a bar yarinya ta yi karatu. Matar da ke cikin kulle a Lajawa ta sami inda ake tattauna damuwarta a fili, abin da ba ta samu a littattafan sadaukai ba.

Ba kowa ne ya yi murna ba. Masana sun yi doguwar muhawara a jaridu a shekarun 1990, inda Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan kasuwar Onisha, Abdalla Uba Adamu kuwa ya tsaya a kan cewa sun cancanci a yi nazarinsu, tun da su ne suka sa dubban mutane karatu. Iyaye da malamai sun yi kukan cewa suna ɗauke hankalin 'yan mata, har a 2007 aka ƙone tarin littattafan da aka karɓe daga hannun 'yan makaranta a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Duk da haka ba a daina karantawa ba. Abin da wuta ba ta yi ba, lokaci ya yi shi a hankali: ya tankaɗe ya rairaye, akasarinsu an manta da su, 'yan kaɗan ne har yau ake nema a sake karantawa.

ME AKE NEMA A KARATU NA BIYU?

Maimaita karatu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Almajiri yana da tishi da tilawa. Ɗalibin zaure yakan sauke Risala a wajen wani malami, ya sake ɗaukarta a wajen wani, ya ji abin da bai ji ba a karon farko. Duk watan azumi akan karanta Ashafa a masallatai da zauruka, masu sauraro kuwa ba sa cewa ai mun ji bara. Ko yaro ma yakan nace wa kakarsa ta sake masa tatsuniyar da ya riga ya haddace, in ta tsallake wani wuri ya gyara mata. Abin da masu karatun boko suka yi shi ne sun ɗauko wannan tsohuwar ɗabi'a suka ɗora a kan littattafan hira.

A karatun farko mutum a guje yake, tambaya ɗaya ce a ransa: daga nan sai me? Sai a karo na biyu, da yake ya riga ya san inda za a sauka, idonsa kan sami sukunin duban gefen hanya, ya lura da yadda aka ƙulla zance, da inda marubuci ya binne wata magana tun a farko don ta tsiro a ƙarshe. A karo na uku kuwa, bayan shekaru sun shuɗe, yakan tarar littafin yana nan yadda yake, shi ne ya sauya.

Alal misali, ɗauki Ruwan Bagaja. Yaro ɗan aji biyar dariya yake yi wa ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Akwai inda Alhaji ya fake da malanta a garin da ba masu ilmi, Zurƙe ya zo zai tona shi, aka yi gasa a gaban jama'a. Alhaji ya zana wani lanƙwasasshen layi a ƙasa, Zurƙe ya yi ta kawo sunayen haruffa, shi kuwa ya ce jinjirin wata ne, jama'a suka ba shi gaskiya suka kori mai ilmin. Ma'aikacin da ya shekara ashirin yana zaman taro a ofis, in ya sake karanta wannan wuri, dariyarsa takan zo da ɗaci, domin ya sha ganin ranar da mai baki ya kayar da mai sani.

Haka Magana Jari Ce. Yara kan tsallake hirar fada su faɗa cikin labaran kai tsaye. Babba ne kan tsaya ya lura cewa akun nan ba shi da takobi ba shi da dakaru, harshe kawai gare shi, da shi ya tsare ɗan sarki Musa daga makircin Waziri dare bayan dare. Littafi na uku kuma, inda akun ya zama Waziri yana horon ɗansa Fasih, kusan darasi ne a kan zama da shugaba: yaushe ake magana, yaushe ake shiru, yaya ake faɗa wa mai iko gaskiya ba tare da an rasa kai ba. Duk wanda ya taɓa rubuta wa na gaba da shi shawara a fayil ya san nauyin wannan darasi.

Shaihu Umar kuwa, ɗalibi yaron yake bi, daga sace shi har ƙetare hamada. Ranar da ɗalibin nan ya haihu, in ya koma wa littafin, uwar zai bi, wadda ta bar gida neman ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ba su sadu ba sai dab da rasuwarta. Zai kuma karanta shi da sanin cewa matashin malamin makarantar da ya rubuta shi ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957, aka kashe shi a watan Janairu na 1966.

A ɓangaren mata, Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, ya isa misali. Budurwa takan karanta shi tana ɗokin auren Saudatu. Bayan shekara goma sha biyar, tana da 'ya'ya a gabanta, Rabi take gani, wadda miji ya kora da 'ya'ya tara ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. A lokacin ne za ta tsaya tana tambayar kanta ko komen da aka matsa wa Rabi ta yi a ƙarshe sakayya ce ko ƙarin kaya. Littafin da ke iya haifar da sabuwar tambaya bayan shekaru shi ne mai rai, kuma ba banza ba aka fassara wannan zuwa Turanci, wani kamfanin ƙasar Indiya ya buga shi a 2012.

Ba kowane littafi ne ke jure wannan gwaji ba. Labarin da duk jarinsa asiri ɗaya ne, kamar wane ne ya yi kisan, ko wa za ta aura, da zarar asirin ya tonu ya zama fanko. Sai dai akwai wani irin maimaicin da ba don neman sabon abu ake yinsa ba. Mai jinya, da mai jego, da ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa garin da bai san kowa ba, sukan ɗauko tsohon littafi don dai su ji muryar da suka sani, kamar yadda matafiyi ke marmarin tuwon gidansu. Wannan ma ba abin rainawa ba ne.

WAYA TA SHIGO

Yau al'amari ya juye. Marubuta da yawa, musamman mata, sun bar maɗaba'a sun koma WhatsApp da Facebook da Wattpad, suna sakin labari shafi-shafi kullum. Wasu kan ba da farkon kyauta, in labari ya ɗauki zafi sai a biya kafin a ga sauran. Gidajen rediyo suna karanta littattafai, ga kuma masu karantawa a YouTube don wanda hannunsa ke cikin aiki. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta fito da sababbin marubuta mata daga wurare daban-daban.

Alherin wannan a fili yake. Mai karatu a Lajawa yana samun labari a ranar da na Kano da na Yamai da na Jidda suka same shi, ba sai ya jira ranar kasuwa ba. Yarinyar da ba ta da jarin buga littafi tana iya tara masu karatu daga ɗakin uwarta.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Labarin waya ba shi da bango, ba shi da mazauni a kan kanta ko a ƙarƙashin matashi. In waya ta lalace, ko aka rufe zauren da ake turo shi, ya tafi ke nan. Kafin wannan ya huce an fara wani, saboda haka ba wanda ke da lokacin waiwaye. Marubucin da ake jira kullum ba shi da sukunin gyara, kuma tun da tsawon labari ne ke riƙe masu biya, sai a yi ta jan zance. Ƙa'idojin rubutu ma sun sha wuya, an daina bambanta ƙ da k, ko ɗ da d, Turanci kuma ya cika tsakiyar jimla. Dā rashi ya sa a maimaita littafi ɗaya har a haddace shi. Yanzu yawa ya sa ana karanta ɗari ba a riƙe ko ɗaya ba.

ABIN DA KE GABANMU

Wani zai ce ai karatun nishaɗi ne, me ya yi zafi? To, abin da ya yi zafi biyu ne. Na farko, haƙurin zama da dogon rubutu, a karanta a koma baya a sake dubawa, ba a aji kaɗai ake koyonsa ba. Ɗalibin da bai saba komawa shafin da ya wuce ba zai sha wuya a gaban takardar jarrabawa, ma'aikacin da ya saba da karatun tsallake kuwa wata rana zai sa hannu a kan abin da bai fahimta ba. Na biyu, littattafan da aka buga a Kano daga 1985 zuwa shekarun 2000 a kan takarda mai araha suna ƙarewa, gara da damina suna cinye su, alhali a cikinsu akwai tarihin zaman jama'ar wannan zamani wanda ba a rubuta a wani wuri ba. Abin da babu shi a hannu ba a maimaita shi.

Don haka ya kamata Hukumar Ɗakunan Karatu ta Jihar Kano da jami'o'inmu, har da wadda ke Wudil, su himmatu wajen tattara waɗannan littattafai daga hannun tsofaffin masu haya da 'yan kasuwa, a adana su, a kuma ɗauki hotonsu a kwamfuta tun ana samunsu. Ya kamata masu ɗab'i su zauna da marubuta a zaɓi waɗanda suka jure zamani a sake buga su da takarda mai kyau. Ƙaramar Hukuma da ƙungiyoyin ɗalibai da na ci gaban gari, a Lajawa da sauran mazaɓu, ba za su gaza sa akwatin littattafan hira a kowace makaranta ba, a damƙa mabuɗinsa ga malami guda, a riƙa ba yara aro ran Alhamis su dawo da shi ran Litinin. Iyaye kuma, maimakon ƙwace littafi daga hannun yarinya, gara su karanta shi su ma, sa'an nan a zauna a yi hirarsa.

Shi kuwa mai karatu, nasa aikin ya fi sauƙi. Ba wanda zai zaɓa masa abin da zai so, na yaƙi ne ko na soyayya ko na bincike, domin abincin wani gubar wani. Abin da ake roƙonsa shi ne ya ware biyar daga cikin duk abin da ya taɓa karantawa, ya nemi na takarda ya ajiye a gida inda 'ya'yansa za su gani, ya rubuta ranar da ya sauke kowanne a cikin bango, ya kuma koma musu bayan 'yan shekaru ya ga abin da za su faɗa masa. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa mu dace.